Allon da Kofur Ƙasimu Ya Hana a Rubuta

Ta bangon shagon Maigandi tela Tukur ya fara jin faɗan, tun bai gama cire hula ya share gumi ba. Bangon na bulo ne siriri, irin wanda 'yan kwangila suka cika Sakkwato da shi tun da kuɗin fetur ya faso, ko tari aka yi a wancan gefe sai ka ce sannu a wannan. Wancan gefen kuwa madafar gidan abincin ɗan Sin ce, kuma muryoyin nan biyu babu wadda Tukur bai sani ba. Mai tsinin ta Mista Tang ce, mai wurin, wanda mutanen unguwar Mabera suka hutar da harshensu suka mai da shi Tanko. Mai kaurin, wadda ba ta hawa ba ta sauka, ta kukunsa ce, Kofur Ƙasimu, uban matar Tukur.

"Allo nawa, ƙofa nawa," in ji Tanko da Hausarsa ta Kano, wadda ya tsinto a masana'antar kwanuka ya taho da ita a karye. "Magana mai kyau. Don me ba rubuta?"

"Rubuta," in ji Kofur. "Ran da mai fenti yaz zo, ran nan ni ka aje wuƙa. Ka nemi wani shi yanka maka sa."

Aka buga murfin tukunya. Tanko ya koma yarensu ya yi ta zubawa kamar tifa na juye tsakuwa, Kofur kuwa ya ci gaba da yankan albasa, ana jin wuƙar na sauka a katako ba gaggawa.

Maigandi ya riga ya tsai da keken ɗinkinsa don kada kalma ta wuce shi. Ya ce wata biyar ke nan suna wannan rigima. Wata magana ce ɗan Sin ke so a rubuta a saman ƙofa, tsohon ya ce sai bayan ransa. Ko mece ce maganar, Allah masani. Shi dai ya ɓata wuyan riga biyu garin saurare bai samo ta ba.

Hankalin Tukur ba a nan yake ba. Wanda gemunsa ke cin wuta ba ya tambayar allon wani. Yau kwana huɗu da matarsa Sadiyatu ta haifi ɗan fari, namiji, a gidan ubanta a Unguwar Rogo inda ta je goyon ciki. Saura kwana uku suna. Mahaifin Tukur ya rasu tun yana makaranta, saboda haka raɗa sunan ya faɗa kan ƙanen mahaifin, Baffa Malam Maccido na Ƙofar Atiku, mai zaure cike da littattafai. Kuma Baffa ya ce ba ya zuwa. Ƙafarsa, in ji shi, ba za ta taka ƙofar mutumin da ke dafa wa marar salla abin da ba a san asalinsa ba, sai fa in Kofur ya ajiye aikin kafin ranar. In Baffa bai je ba, babu mai rawani ko ɗaya daga Ƙofar Atiku da zai je. Tukur kuwa ya san garinsu. Ba wanda zai yarda cewa miyar Sin ce ta hana dangin uba zuwa sunan ɗan fari. Wani dalili za a ƙirƙiro a ɗora wa Sadiyatu, yaron ya girma da shi rataye a wuya.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, irin wannan saƙo ba bakin suruki ke kai shi ba. Mutumin da ko ido ba ka haɗawa da shi, wanda in ka hango shi a hanya sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, shi za ka tsaya gabansa ka ce masa ya bar sana'arsa? Aboki ake aikawa. Amma Ɗahiru, abokinsa na ofis, ya tafi kwas Kaduna, mahaifiyar Tukur kuma ta ce ita mace ce da ke zaune a inuwar Baffa, kada ya jawo mata. Yau kwana uku ke nan yana sulalewa daga sakatariya da azahar, ya hau babur ɗinsa Basfa ya taho Mabera da maganar a shirye a baki, sai ya tsinci kansa a kan bencin Maigandi yana kallon zare.

Kofur Ƙasimu ɗan majema ne. A bakin ramukan jima ya tashi, inda ake gyara jar fatar akuya da Turawa ke rububi, kuma tun yana ƙarami ya tsani warin wurin. Da aka zo ɗaukar soja don yaƙin Bama ya ƙara wa shekarunsa biyu ya bi. Wani saje ya ga yadda yake feɗe akuya kafin mutum ya gama alwala, ya tura shi madafa, can ya ƙare yaƙinsa bai harbi kowa ba. A can ne ya fara ganin mutanen Sin, masu jan alfadarai, suna suya a wani faffaɗan kasko bisa wuta mai ruri, abinci ya nuna kafin a ƙirga ɗari. Ya dawo gida da igiya biyu a hannu da wata ɗabi'a da ba ta sake shi ba har tsufa: ya tsaya bayan mai cin abinci, hannu a baya, fuska kamar ƙyauren da aka kulle.

Da wannan fuska ya yi wa Joji girki, ya yi wa manajan banki, ya yi wa gidan saukar baƙi na gwamnati. Ya dafa wa Bature dankali marar gishiri shekara goma sha biyu bai ce uffan ba. Turawa suka tafi, ministoci suka zo suna cin kaza suna ƙulle-ƙulle a gabansa kamar ba mutum a wurin. Ministoci suka tafi, hafsoshi suka zo. Matarsa Iyatu takan ce da cikin Kofur rijiya ce da tuni ta cika ta tumbatsa, amma ko guga ɗaya ba a taɓa ja ba. Yana gidan saukar baƙin ne aka ɗaura auren autarsa da Tukur. Baffa ya ɗan yi gunaguni a kan haɗa jini da kuku ɗan majema, amma kukun gwamnati ne, ya shafa fatiha.

Tanko kuwa famfuna da bututu ya zo sayar wa 'yan kwangila. Yakan dafa abincinsa a bayan shago, ƙamshin ya riƙa jawo malaman makaranta Indiyawa da injiniyoyin hanya, har ya ga tukunya ta fi bututu kasuwa. Wurin ba wani wuri ba ne: rumfar kwano a bakin Mabera inda gari ke ƙarewa a lokacin, tebur shida da leda a kai, fanka guda mai aiki in an ga dama an kawo wuta. Abincin na lardin uwarsa ne, can cikin duwatsun Sin, inda ake cin tonka, wato abin da Kanawa ke kira barkono, kamar yadda muke cin tuwo. Amma ɗan gari ko ɗaya bai leƙa ba. An ce kare yake yankawa. An ce kwaɗi. Wata tsohuwa ta rantse ta ga wutsiyar jaki a bayan rumfar.

Sai rana ɗaya Kofur ya ajiye aikin gwamnati, ana saura shekara biyu ya huta, ya zo ya tsaya a ƙofar Tanko ya gindaya sharaɗi: shi zai je mahauta a yanka a gabansa, alade ba ya shiga, giya ba ta kusantar tukunya. Daga ranar akawuna masu sabon albashi suka fara cika teburan. Idan Kofur ya ce a ci, a ci.

Mutane sun yi ta neman dalilin da zai sa tsoho ya bar inuwar gwamnati ya koma ƙarƙashin kwano mai zafi. Kaskon nan da ya gani a Bama ne ya jawo shi, amma abin da ya zaunar da shi na cikin wata 'yar ƙwaya ta yaji. Akwai wasu 'ya'yan itace ƙanana da Tanko ke sa wa miya, masu sa harshe ya yi dum kamar ba naka ba. Shekarar da jiragen siminti suka toshe tashar Ikko, kayansa suka maƙale a teku wata bakwai, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa ya ce a rufe wurin. Kofur ya tafi kasuwa wurin mata masu kayan yaji ya dawo da ɓawon fasaƙwari, ya daka, ya miƙa masa. Tanko ya ɗanɗana, ya ce ba shi ba ne. Ya sake ɗanɗanawa. Suka yi faɗa a kan yawan da za a sa har la'asar, washegari suka yi wani a kan ko daddawa za ta tsaya a madadin baƙin waken da ya ƙare. Shekara talatin Kofur na girki, wannan ne karo na farko da maigida ya yi musu da shi a kan tukunya, wato ya yarda yana da baki. Ba zai bar wannan ba ko sarauta za a ba shi.

Duk Tukur ya san wannan, kuma yana da nasa ɗan asirin da ke ƙara masa haushi. Shekara guda ke nan yana cin girkin surukinsa a ɓoye. Shiga wurin dai ba ya yi, don ba a ci a gaban suruki. Ɗahiru ne ke zuwa da kwano biyu ya ce duka nasa ne, ɗaya a ƙara tonka ban da albasa, su kulle ofis su ci har hanci ya yi ta zuba. Yanzu ga shi an aiko shi ya kashe wutar da kansa.

Da faɗan ya lafa sai ya miƙe, ba don ya sami ƙarfin hali ba, don dai Maigandi ya fara tambayarsa ko lafiya yake zarya. Ya zagaya, ya tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, ya durƙusa a kan siminti mai maiƙo da sabon wandonsa na ofis.

Kofur ya fito da tsumma a kafaɗa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, Tukur na kallon ƙasa, Kofur na kallon fanka. Aka tambayi gajiya, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Ƙofar Atiku. Jaririn dai ba wanda ya ambace shi. Tukur ya buɗe baki zai fara ke nan sai ga Tanko, gajere, da singileti, yana tambayar wane ne wannan da ya faɗi a ƙasa. Da ya gane mijin autar Kofur ne, uban sabon yaro, sai murna ta kama shi. Ya kamo hannun Tukur ya ɗaga shi, ya zaunar da shi a teburin tsakiya, daidai inda duk mai wucewa a titi zai gan shi, ya ce yau abinci kyauta, a ƙasarsu uban ɗa namiji sarki ne. Tukur ya ce ya ƙoshi. Ya ce yana sauri. Har ya yi niyyar cewa azumi yake, ya tuna Maigandi ya gan shi da goro.

Ba a jima ba tebur ya cika. Ga naman sa an yanka shi siriri kamar ganye yana iyo cikin jan mai, busasshen tonka ya rufe samansa. Ga kaza da gyaɗa. Ga taliya mai tururi, ga farar shinkafa. Kuma Tanko, don ya cika karamci, ya umurci Kofur ya tsaya nan ya zuba wa baƙo da hannunsa. Kofur ya zuba. Sa'an nan ya koma bayan kujerar ya tsaya, hannu a baya.

Tukur ya zauna kamar wanda aka kafe. Ƙamshin fasaƙwari na shiga masa hanci, yawu na taruwa, cikinsa da bai ga komai ba tun kokon safe ya yi wata ƙara da ya tabbata an ji ta har shagon tela. Cokali na gabansa, amma hannunsa ya ƙi tashi daga cinya. Yana jin tsayuwar tsohon a ƙeyarsa kamar rana. A ransa ya tsine wa Ɗahiru da kwas ɗinsa, ya tsine wa wanda ya fara kawo bututu Sakkwato. Shi ma Kofur, da ya ga dama ai da ya sami dalilin komawa madafa. Bai koma ba. Tukur ya fara zargin tsohon na jin daɗin abin.

Fara'ar Tanko ta soma dushewa. Ya dubi kwanon, ya dubi Tukur. Ya ce shi ma ya ji labarin kare, ko? Shi ma yana tsammani jaki ne? Tukur ya rantse ba haka ba ne, amma ta ina za ka bayyana wa ɗan Sin kunyar suruki alhali surukin na tsaye a kanka? Tanko ya buga tebur. Ya ce manyan mutane sun ci a nan, waɗanda suka fi akawu. Babban malami ya ci a nan.

"Tanko," in ji Kofur, "mai na ƙuna."

Tanko ya ce mai ya ƙone. Wata biyar ana toshe masa baki, yau sai ya faɗa, ai wannan ɗan gida ne. Wani Alhaji ɗan kwangila ne ya zo da malamin, bayan sun dawo daga yi wa sabuwar motar haƙa rijiya addu'a. Rana tsaka, ba kowa, aka sa su a ɗakin baya. Malamin ya ce shi ba ya ci, ya dai taɓa don kada Alhaji ya ji kunya. Alhaji ya fita alwala. Kafin ya dawo malamin ya share kwano biyu, hawaye na zuba, rawani ya kwance ya sauko kafaɗa, yana sa yatsa yana lashe man.

"Rawani fari, gemu ja," in ji Tanko. "Tabarau, nan gefe, an ɗaure da baƙin zare. Ya ɗaga kai sama, ya ce," sai ya gyara tsayuwa ya kwaikwayo Sakkwatanci tsaf, alamar ya maimaita ta sau dubu, "'Wallahi wanga shi na ilimin da anka ce a nema har birnin Sin.'"

Ya dubi Tukur yana jiran ya ga an girgiza. A ƙasarsu, in ji shi, idan mai ilimi ya yaba wa abincinka, rubutawa ake yi da manyan baƙaƙe a rataya a ƙofa, jikoki su gada. Ya sayi allo. Har ya sa Alhajin ya gaya masa sunan malamin da unguwarsu. Wannan tsoho mai taurin kai ne kaɗai ya hana.

Tukur ya girgiza kam, amma ba irin yadda Tanko ke so ba. Baƙin zaren nan shi ya ɗaure shi da hannunsa, bara, a zauren Baffa, ranar da ƙafar tabarau ta karye. Santi. Baffa Maccido, wanda ko murmushi sai ya auna, ya yi santi, irin wanda in yaro ya yi a bakin akushi ake yi masa dariya har ya yi aure. Kuma ba da maganar banza ya yi shi ba, da maganar ilimi. Tukur bai buƙaci a gaya masa cewa Kofur ne Baffa ya gani a tsaye da butar ruwa ba, sa'ad da ya sauke kansa daga sama. Wata biyar. Daidai lokacin da Baffa ya fara gano cewa abincin Sin na da shubuha.

Kofur ya ɗauki hularsa daga ƙusa ya ce shi zai tafi masallaci, kuma liman na jan dogon zance bayan salla, ba zai dawo da wuri ba. Yana fita hannun Tukur ya tashi da kansa. Ya ci kamar wanda aka kora daga gari. Harshensa ya mutu, kunnuwansa suka toshe, gumi ya jiƙe rigar ofis, Tanko na tsaye yana ta tambayar yaya, yaya. Tukur ya datse haƙora. Santi ɗaya ya isa gida guda.

Bayan la'asar ya sami Kofur a bayan madafa yana wasa wuƙa. Ya sake durƙusawa, ya ce Baba, ya tsaya, ya sake cewa Baba. Kofur ya hutar da shi. Ya ce saƙon ya riga shi isowa, mata sun kawo shi tun ran da aka yanke cibi. Yana dai jira ne ya ga kwana nawa akawu zai yi a shagon tela. Ya gwada kaifin wuƙar a farce.

"Ka ce ma Malam na ji, kuma na bi. Shi na babba. Ran da yac ce in aje, ni aje." Ya juya wuƙar. "Sai dai shi sani, allon Tanko na nan bayan ƙyaure, gwangwanin fenti na nan. Ni ɗai at tsakaninsu."

Tukur ya so ya tambaye shi me ya hana shi aika wannan tun kwana huɗu da suka wuce, a bar mutane su yi barci. Ya so ya tambaya ko rufin asirin nan don Allah ne, ko kuwa daɗi ne ɗan majema ya riƙe igiyar rawanin Ƙofar Atiku a aljihu yana ɗan taɓa ta. Mai riƙon asiri ma ai wani irin mai mulki ne, kuma mutum ba ya shekara talatin a bayan kujerun manya bai koyi komai ba. Amma suruki ba ya tambaya. Ya ce to, Baba, ya ja da baya har ya taka takalminsa.

Washegari da hantsi ya sami Baffa shi kaɗai a zaure, ya faɗi saƙon kalma da kalma, yana kallon tabarma, da muryar wanda bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Baffa ya cire tabarau. Ya daɗe yana murza baƙin zaren. Ya tambaya ko Tukur ya san wane allo ake nufi. Tukur ya ce ina zai sani, shi ɗan aike ne. Baffa ya dube shi, dubawar da ta fi ta kullum tsawo, sa'an nan ya jawo wani littafi ya buɗe, bai kalli shafin ba.

Ya ce ya sake bibiyar mas'alar. Abin da Musulmi ya yanka, Musulmi ya dafa, ba a binciken wanda ya mallaki tukunya. Hasali ma, tunda Musulmi sun riga sun saba da zuwa wurin, tsayuwar mutum amintacce a madafar ta zama wajibi a kan al'umma, in ɗaya ya ɗauka ya ɗauke wa saura. Barin aikin nan ga Ƙasimu zai iya zama laifi. A gaya masa kada ya kuskura. Ya ƙare da yi wa Tukur faɗa a kan 'yan boko da gaggawar fassara maganar manya, don shi bai taɓa cewa ba ya zuwa ba, cewa ya yi yana dubawa.

Tukur ya ce Allah shi gafarta Malam. Ya fito ya tsaya a jikin Basfa, ya rasa wanda zai shaƙe. Kwana huɗu bai runtsa ba, Sadiyatu na can ta yi kuka har nono ya so ɗaukewa, mahaifiyarsa ta yi saukar addu'a, duk a kan kwano biyu na nama da wani tsoho ya lashe.

Ranar suna, rana na fitowa, rawuna goma sha ɗaya suka sauka a Unguwar Rogo, Baffa a gaba. Shi da Kofur suka gaisa gaisuwar da ta kai minti biyar, ɗaya na duban tabarma, ɗaya na duban bango, kowa na yabon ɗan'uwansa da mutunci. Aka raba goro, Baffa ya raɗa wa yaro Abdulwahabu, sunan marigayi mahaifin Tukur, ya ja addu'a doguwa har ya sa masu sana'ar halal a ciki. Kofur ya yanka ragon da kansa. Tanko ya aiko da kwando cike da dafaffen ƙwai da aka rina ja, wai haka ake yi a ƙasarsu, matan gida suka kewaye shi suna shawarar ko ci ake yi ko binnewa, har Iyatu ta fasa ɗaya ta cinye a gabansu.

Da taro ya watse, Baffa ya shiga motar wani almajirinsa ɗan kasuwa ya tafi bai waiwaya ba. Tukur ya zo sallama, ya durƙusa a bakin zaure, ransa na cewa shi ke nan, daga yau ko sunan Sin aka ambata zai tashi daga wurin. Kofur ya ce ya dakata. Ya shiga ciki ya fito da kwano biyu masu murfi, an ɗaure su da tsumma ɗaya, jan mai ya ɗan tsattsafo a gefe. Ya ajiye su a dokin ƙofa, yana kallon wani wuri can bisa kan Tukur.

"Na sama naka na, an ƙara tonka, ban da albasa, awa kullum," in ji shi. "Na ƙasa ka san mai shi. Ka aje mai ka fita. Kak ka tsaya kusa in shina ci."